Zan iya narka ƙarfe a gida in ƙera injin fiƙe ƙarfe da hannuna?

Tambaya: Ni mai walda ne a Zariya, ina yin ƙofofi da tagogi. Ina ganin bidiyon Turawa suna narka ƙarfe a bayan gida, su zuba sassa, har su haɗa injin fiƙe ƙarfe da na huji da kansu. Kuɗin sayen injin ya fi ƙarfina. Shin wannan zai yiwu a nan, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Zai yiwu, ƙanena, kuma kana da abu biyu da yawancin masu bidiyon nan ba su da su: ka iya walda, kuma kana zaune kusa da mutanen da zubi ne abincinsu. Sai dai in faɗa maka tun da wuri, wutar nan da ta ɗauki hankalinka ita ce mafi sauƙi a duk aikin. Narka alminiyum ana koyonsa a wuni guda. Inda mutane ke karaya wuri biyu ne: yashin da za a zuba narkakken ƙarfen a ciki, da miƙar da gadon injin, wato doguwar shimfiɗar da wuƙa ke tafiya a kanta, har ya fita babu karkata. A kan waɗannan biyun zan fi daɗewa.

Tsarin da kake gani, yawancinsa daga wani Ba'amurke ya fito, David Gingery, mutumin jihar Missouri, wanda tun wajen 1980 ya fitar da ƙananan littattafai bakwai a jere. Ya fara da murhun gawayi a cikin bokitin ƙarfe, sai injin fiƙa, sai sauran injinan, kowanne yana taimakawa wajen ƙera na bayansa. Injin fiƙar nasa ƙarami ne: faɗin abin da zai iya juyawa inci 7, tsawonsa inci 12. Wato zai yi maka fuli, da bushin, da ƙaramin shaf, da maƙalan ƙofa masu juyawa. Ba zai gyara kuranshaf ɗin mota ba. In burinka ka yi gogayya da masu manyan injina na Sabon Gari, wannan hanyar ba za ta kai ka ba. In kuwa so kake ka daina ɗaukar kowane ɗan ƙaramin aiki kana kai wa wani, to ci gaba da karatu.

Da alminiyum za ka fara, kuma ina ba ka shawara ka daɗe a kansa. Yana narkewa a digiri 660, ana zuba shi a tsakanin 700 da 750, zafin da gawayi da 'yar iska ke kaiwa ba wahala. Tagulla sai an wuce 900, jan ƙarfe 1,085. Ƙarfen kas, wanda da shi ake yin injinan kamfani, yana narkewa a wajen 1,200 kuma sai an kai shi sama da haka sosai kafin ya zubu da kyau. Wannan zafin yana cinye kaskon ƙarfe, yana narkar da jikin murhun yumɓu, kuma kuskure a wurin ba ya barin gyara. Bar shi tukuna.

Alminiyum ɗin ma iri-iri ne. Kada ka ɓata gawayinka a kan gwangwanin lemo: siriri ne, rabinsa datti yake zama, abin da ya rage kuma ba ya gudu a cikin yashi, in ka zo fiƙewa ya riƙa manne wa bakin wuƙa. Nemi abin da tun asali zuba shi aka yi: fistin, kan injin mota, gidan giya, murfin injin babur, rim ɗin mota na alminiyum. Waɗannan akwai silikon a cikinsu, kusan kashi 7 cikin 100 a rim, wajen kashi 12 a fistin, shi ke sa narkakken ya bi kowane lungu, kuma ya fiƙu tsaf. 'Yan gwangwan na sayar da su a kilo, haka ma a Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka cire duk wani zobe da kusar ƙarfe, ka fasa su ƙanana, ka narka karo na farko ka zuba sanduna, ka ajiye. Da waɗannan tsabtatattun sandunan za ka yi aikin gaske.

Akwai abubuwa uku da ke shiga cikin tarkace da ya kamata ka sani. Na farko maganiziyum, wanda ke kama da alminiyum amma ya fi shi rashin nauyi. Gidan injin tsohuwar Volkswagen mai ƙirar kunkuru da shi aka yi. In ya kama wuta, fari fat yake ci, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Gwajinsa mai sauƙi ne: kankare wurin ka ɗiga ruwan khal, in ya yi kumfa maganiziyum ne, ajiye shi gefe. Na biyu tutiyar da ke jikin fayif ɗin ruwa da kwanon rufi. Hayaƙinta fari na kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, kai mai walda ka san shi. Na uku dalma. Kada ka taɓa narka batirin mota a gidan da mutane ke kwana. Dalma na narkewa tun a 327, ƙurarta na zama a ƙasa, yara su ɗauka a hannu su kai baki. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje, ya isa gargaɗi. Saboda wannan dalilin ne ma nake cewa tarkacen da ba ka san asalinsa ba, ka yi sassan inji da shi, ban da tukunya ko ludayi.

Murhu ba abin daɗewa ba ne. Bokitin fenti na ƙarfe mai lita 20 ya isa, ko tsohuwar tukunyar gas, amma ita sai ka kwance bakinta ka cika ta da ruwa kafin ka sa mata abin yanka. Ka shafe cikinsa da kaurin santimita 5 na yumɓun masu ginin tukwane haɗe da yashi da ɓuntun shinkafa. Ɓuntun zai ƙone ya bar ƙananan ramuka masu riƙe zafi. Ban da siminti, ba ya jure wannan wutar, tsagewa yake yi yana tartsatsi. Ka bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda, sannan ka fara da 'yar ƙaramar wuta. Fayif ɗin iska ya shiga ta ƙasa a karkace, yadda wutar za ta riƙa zagaya kasko. Iskar kuwa, fankar na'urar sanyaya mota a kan batir ta wadatar, ko irin fankar da maƙera ke juyawa da wilin keke, don kada a ɗauke wuta ƙarfe na tsakiyar narkewa. Gawayin ƙirya, wanda maƙeranmu suka fi so, ya fi daɗewa yana ci. Kasko za ka iya haɗa shi da guntun fayif mai kauri ka toshe gindinsa da walda, sai dai ka sani narkakken alminiyum yana cin ƙarfe a hankali. Duba gindin kafin kowace wuta, ranar da ka ga ya yi siriri ka jefar. Da hali ya samu ka sayi kaskon girafayit.

Yanzu yashi. A nan ne zan tura ka makaranta, kuma makarantar ita ce rumfar masu zuba tukwane. Suna nan a kusan kowane babban garin Arewa, haka a kasuwar Katako ta Yamai. Ka je ka gaishe su, ka nemi izinin zama, ka taya su tankaɗe da daɓe na 'yan makonni. Abin da hannunsu ya sani game da laimar yashi babu bidiyon da zai ba ka shi. Asalin haɗin shi ne yashi mai laushi da aka tankaɗe, da yumɓu mai ɗanko da zai riƙe ƙwayoyin, da ruwa kaɗan. Su sun san inda ake ɗebo ƙasar da Allah Ya riga Ya haɗa ta haka. In za ka haɗa da kanka, nemi bentonayit, wani yumɓu mai ɗanko sosai, a wurin masu haƙar rijiyar burtsatse, ka sa awo 1 a cikin awo 10 na yashi, ruwa kuma kashi 3 zuwa 4 cikin 100, ana yayyafawa ana murzawa, a rufe ya kwana. Gwajin: damƙi cikin hannu ka matse. Ya fito da shatin yatsunka, bai manne a tafinka ba, kuma in ka karya shi ya rabu biyu tsaf kamar ƙuli-ƙuli ba tare da ya wargaje ba. In ya bushe da yawa, bangon ramin zai zube ya shiga cikin ƙarfen. In ya jiƙe da yawa, tururi zai huda ƙarfen ya bar masa ramuka, wani lokaci ma ya tofo shi sama. Da hunturu yashin kan bushe kana cikin aiki, sai ka riƙa rufe shi da buhu mai laima. Da damina kuma gawayi da tarkacen ne ke shan laima, sai an gasa su a bakin murhu.

Akwatin zubi biyu ne, na sama da na ƙasa, na katako, da turaku biyu da ke sa su koma daidai inda suke in an buɗe an rufe. Ana barbaɗa hodar jiki ko garin gawayi a tsakaninsu don kada su manne. Samfurin abin da kake so kuwa da katako mai laushi ake sassaƙa shi, a goge shi sumul, a shafa masa fenti. Kowane bango nasa da ke tsaye a ɗan karkatar da shi digiri 2 ko 3 don ya zare daga yashi ba tare da ya yago shi ba, kowace kusurwa ta ciki a zagaye ta. A kuma yi shi ya ɗan fi girman da ake so, domin alminiyum na tsukewa kusan kashi 1.3 cikin 100 in ya huce: abu mai tsawon milimita 300 zai rasa kusan 4. Inda za a goge ko a fiƙe a ƙara masa milimita 2 ko 3.

Ga inda masu tukwane ba za su iya taimaka maka ba. Tukunya jikinta siriri ne kuma kauri ɗaya ko'ina, tana daskarewa lokaci guda. Sashen inji kuwa wani wurin kauri, wani wurin siriri. Siririn ya riga ya daskare, mai kaurin na nan da ruwansa a ciki, kuma alminiyum na rasa wajen kashi 6 cikin 100 na cikarsa a lokacin da yake daskarewa. In babu inda zai jawo ƙari, sai ya bar kogo a tsakiyar wurin da ka fi buƙatar ƙarfi, ba za ka gani ba sai ranar da kake hudawa. Maganinsa a buɗe wani rami mai faɗi a saman wuri mai kaurin, ya cika da narkakken ƙarfe, ya zama shi ne na ƙarshen daskarewa, yana ciyar da na ƙasa. Bayan an huce a yanke shi a mayar kasko. Mafi kyau ma, tun wurin zana samfurin ka guji tara kauri a wuri ɗaya: bango mai milimita 6 zuwa 8 da haƙarƙari a bayansa ya fi dunƙulallen ƙarfe. Ita ma hanyar shigar ƙarfen kada ta faɗo kai tsaye a kan ramin; ta sauka a gefe, ta bi ɗan kwararo, ta shiga a hankali.

Wurin narki kuskuren da aka fi yi shi ne barin kasko a wuta don wai ya ƙara kyau. Narkakken alminiyum yana shan iskar haidurojin daga laima, kuma yawan zafi da daɗewa na ƙara masa sha. In ya huce sai ka ga ƙananan huji kamar na allura a duk inda ka fiƙe. Da guntun ƙarshe ya narke, ba shi 'yan mintoci, kwashe dattin sama sau ɗaya, kada ka yi ta juyawa, ka zuba a tafi ɗaya ba tsayawa har ramukan su cika.

Ruwa kuma shi ne abokin gabarka na ɗaya. In ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, don haka ɗigo guda a cikin cokalin kwasar datti ko a fayif ɗin da ka jefa kasko ya isa ya watsa maka wuta a fuska. Duk abin da zai taɓa narkakken ƙarfe a gasa shi tukuna. A yi zubi a kan busasshen yashi, ban da daɓen siminti. Takalmin fata mai rufi, kayan auduga, safar hannu ta fata, da garkuwar fuska. Silifas da rigar ƙwallo ta roba narkewa suke yi su manne a fata. Awartakin ɗaga kasko ka ƙera shi daidai da kaskon, ka gwada ɗagawa da zubawa da yashi a ciki tun wuta ba ta kama ba. Yara kuma a fitar da su daga wurin gaba ɗaya.

To, a ce sassa sun fito. Yanzu aikin ya fara. Injin fiƙa ba komai ba ne illa abu mai juyawa da wuƙa mai tafiya a miƙe, kuma duk karkatar da ke jikin gadon sai ta bayyana a jikin abin da ka fiƙe. Ta yaya za ka samu miƙaƙƙen abu alhali ba ka da injin da zai miƙar da shi? Wannan matsalar Joseph Whitworth ya warware ta a Ingila a shekarun 1830: in ka goga faranti biyu da juna za su iya dacewa alhali ɗaya ya yi tudu ɗaya ya yi kwari, amma in uku ne, kana gwada kowanne da sauran biyun, ba za su dace duka ba sai in kowanne shimfiɗaɗɗe ne na gaskiya. Kai ba sai ka bi wannan doguwar hanyar ba. Gilashi mai kaurin milimita 10 ko 12 a kan tebur mai ƙarfi zai tsaya maka a matsayin ma'auni. Ka shafa masa shuɗin fenti mai maiƙo siriri, ka goga gadon a kai, duk inda shuɗin ya kama tudu ne, ka kankare shi da tsohon magagarin da ka wasa bakinsa, ka sake gogawa. Haka za ka yi ta yi har ɗigon shuɗin ya bazu ko'ina daidai. Aikin makonni ne, babu tartsatsi babu abin ɗauka a bidiyo, shi ya sa ba ka cika ganinsa ba. Mafi yawan injinan da aka fara aka watsar, a nan aka watsar da su.

A ra'ayina, kada ka bi tsarin Gingery ƙafa da ƙafa. Shi ya zuba kusan komai da alminiyum, amma alminiyum taurinsa wajen lanƙwasa kusan sulusin na ƙarfe ne, kuma ba shi da nauyi: in girmansu ɗaya, inda alminiyum ya yi kilo 2.7, kas zai yi kilo 7.2. Injin da ba shi da nauyi rawa yake yi, wuƙa ta riƙa kuka tana barin zane a jikin aiki. Kai da tarkacen mota ke kewaye da kai, ka yi gauraye. Tsohon bulok ɗin injin mota galibi kas ne, fuskarsa ta sama an riga an goge ta a kamfani, ramukan silindarsa kuma a jere suke daidai da juna. Wani Ba'amurke, Pat Delany, a kan wannan dabarar ya gina injinsa. Gado kuma za ka iya yin sa da fayif mai kusurwa huɗu mai kauri ka cika shi da kankare. Ba sabon abu ba ne, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi manyan injinan fiƙa masu jikin kankare a Amurka. Sai ka bar wa zubi abin da ya fi dacewa da shi: fuli, keken da ke ɗauke da wuƙa, maƙallan boris, farantin riƙe aiki, hannayen juyawa.

Wata magana ta musamman gare ka, tunda hannunka ya saba da walda: walda ja take yi. Ƙofa in ta ja milimita 2 babu mai gani, a gadon inji kuwa ta kashe aikin. Ka gama duk wata walda a jikin gadon tun farko, ka bar shi ya zauna, sannan ka goge. Farantin ƙarfen da keken zai riƙa tafiya a kai kuwa da kusoshi ake ɗaure shi, kada sandar walda ta kusance shi.

Ramin da shaf zai zauna a cikin kan injin, wato sashen da ke riƙe aiki yana juya shi, ba a huda shi a gefe a kawo a ɗora. Ana ɗaure kan a mazauninsa, a ɗora sandar huji a kan keken da ke bin gadon, a huda shi a nan. Ta haka ramin zai fito daidai da tafiyar gadon ko da awonka bai cika ba, wato injin ne ke huda kansa. Boris ɗin wilin mota masu siffar mazurari sun dace da shaf ɗin, domin ana iya matse su a kashe girgiza. Sandar da ke tura keke, zaren M16, wato na kusa mai kaurin milimita 16, kowane juyi ɗaya milimita 2 yake tafiya. Ka raba hannun juyawar gida 40, kowane gida ya zama 0.05. Motar lantarki mai ƙarfin rabin doki ta isa ta juya injin. Irin wadda ke juyi 1,450 a minti ta yi sauri da yawa, domin sandar ƙarfe mai kaurin milimita 25 juyi 350 zuwa 400 take so da wuƙar ƙarfe ta yau da kullum, saboda haka sai ka rage da fuli kamar ninki 4, ka kuma yi fuli mai hawa uku don sauya gudu. Bakin da ke damƙe aiki mai haƙora uku, da baniyar awo, wato abin auna kauri, da wuƙaƙen fiƙa, waɗannan saye za ka yi. Ƙera su ɓata lokaci ne.

Batun kuɗi kuwa, in za ka ƙirga lokacinka a farashin ƙofofin da za ka yi a cikinsa, tsohon inji na hannu zai iya fin wannan sauƙi. Ribar wannan hanyar ita ce kuɗin a hankali suke fita, kuma tun kafin injin ya kammala murhun ya fara biyan kansa: masu injin niƙa da na ban ruwa kullum suna neman fuli da murfi da fankar da ta karye. Don haka ka fara da fuli. Shi zai koya maka tsukewa da ciyarwa. Daga nan ka zuba maƙallan boris ka haɗa injin wasa wuƙa, sannan ka shiga gado.

Ranar da injin ya tashi, ɗaura sandar ƙarfe mai kaurin milimita 25, ta fito kamar milimita 150, ka yi mata yanka marar zurfi daga ƙarshe zuwa gindi ba tare da ka tokare ƙarshenta ba, ka auna kaurin bakin biyu. In bambancin bai wuce milimita 0.05 ba, injin ya isa yin fuli da bushin na sayarwa. In ya wuce, kwance kusoshin kan injin, ka ɗan juya shi zuwa ɓangaren da awon ya nuna, ko ka cusa siririn falle a ƙarƙashinsa, ka ɗaure, ka sake yanka ka auna.